Yadda nake haɗa wutar sola da layin NEPA

Wata Talata cikin bazara, wajen goma na safe, wani Alhaji da na yi wa aikin sola a Hotoro ya kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Injiniya, wai sola ka saka mini ko ɓarawo? Katin dubu ashirin da na sa ranar Juma'a ya ƙare." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba zai yiwu ba. Gidan nan da rana ko fanka ba ta shan wutar NEPA." Ya ce to in zo in gane wa idona.

Na isa rana tsaka. Batir ya cika, mutanen gida sun fita, sai mai gadi kaɗai da rediyonsa. Amma jar fitilar mita tana ƙiftawa kamar an kunna injin markaɗe. Na buɗe akwati, sai ga abin da ya faru: zoben awon da muke maƙala wa babbar waya, wanda muke kira CT, yarona ya sa shi a juye, ni kuma ban duba ba. Inbata, wato na'urar da ke juya wutar sola da ta batir zuwa irin ta gida, tana ganin wutar da ke fita a matsayin mai shigowa, sai ta ƙara turawa don ta rage wa Alhaji saye. Farantan sola goma sha biyu suna aiki da dukkan ƙarfinsu, wutar tana bi ta mita tana tafiya gidajen maƙwabta, mita kuma ba ruwanta da inda wuta ta nufa, duk abin da ya ratsa ta cirewa take daga kati. Wato kwana huɗu Alhaji yana yi wa unguwa sadakar wuta, yana kuma biyan kuɗinta. Ni na biya katin daga aljihuna. Tun daga ranar na canza yadda nake wannan aiki, kuma shi zan bayyana a nan, ga mai gidan da ke shirin sa sola da kuma abokan sana'a.

Da farko a san irin inbatar da ake magana a kai

Yawancin gidajen Kano da ake cewa "an haɗa musu sola da NEPA" ba a haɗa komai ba. Inbatarsu mai zaɓi ce: in an kawo wuta ta ba gida ta NEPA ta yi cajin batir, in an ɗauke ta koma kan batir da rana. Wutar biyu ba sa haɗuwa a waya ɗaya, don haka babu abin da zai koma layi. Mai irin wannan, rabin bayanin nan bai shafe shi ba, amma ya karanta maganar atin (wayar kariya da ake haɗawa da ƙasa) da nutural (wayar da wuta ke komawa ta cikinta) da ke gaba.

Ta biyu ita ce wadda ba ta da batir sam, da layi take rayuwa. Ita ce ta cika rufin gidaje a Jamus da Ostareliya. A nan kuwa, ana ɗauke wuta ita ma ta kwanta, ko da rana tana ƙona ƙeya. Ban taɓa ba mai gida shawarar ta ba. Masana'antar da ke kan layi mai kyau, ko wadda babban janaretanta ke aiki yini guda, ita ce za ta ci ribarta.

Ta uku ita ce mai haɗe-haɗe, irin su Deye da Victron da wasu samfuran Growatt. Tana da batir, tana kuma iya zuba wutarta a waya ɗaya da ta NEPA a lokaci guda. In gida yana buƙatar kilowat 4 rana ta ba da 3, sai ta ɗebo 1 kawai daga layi. A nan riba take, a nan kuma haɗarin yake. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, sannan a Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar rukunin Band A, masu samun wuta mafi yawan sa'o'i, naira 225 kan yunit ɗaya, kusan duk wanda ya kira ni ita yake tambaya.

Yadda take zuba wuta a layi yana da sauƙin ganewa ga wanda ya taɓa ganin mata suna lugude. Wutar layi kai-komo take yi sau 50 a kowane sakan. Inbata sai ta tsaya ta saurari bugun, ta daidaita nata da shi, sannan ta sa taɓaryarta a turmin. In ta saɓa ko da ƙiris, taɓare za su gwaru. Bayan ta shiga, sai ta ɗaga ƙarfinta sama da na layi kaɗan, wutar ta gangara daga gare ta zuwa duk inda ake buƙata. Waya ba ta san gidanka daga gidan maƙwabcinka ba. Abin da ka rage, gaba zai yi.

Mako guda na awo kafin a je kasuwa

Ba na rubuta wa mutum jerin kaya sai na san layinsa. Nakan bar masa ƙaramar na'urar nuna ƙarfin wuta a soket, in ce ya riƙa rubuta abin da ta nuna da asuba, da azahar, da bayan isha'i, har kwana bakwai, da lokacin da aka kawo da lokacin da aka ɗauke. A takarda bolt 230 ya kamata a gani. A zahiri na ga gidan da ke ƙarshen layi yana samun 165 bayan magariba, na kuma ga wanda ke gindin taransifoma yana kai 255 da tsakar dare.

Wannan rubutun shi ke gaya mini komai. Wanda yake samun sa'o'i 20 kamar yadda aka yi wa Band A alkawari, batir kaɗan ya ishe shi, kuɗinsa ya tafi kan farantai don rage kati. Wanda ke Band D ko E, mai sa'o'i 8 ko 4, layi a wurinsa baƙo ne mai leƙowa. Shi batir ne uwar ɗakinsa, kuma sau da yawa nakan ce masa ya bar tsadar inbata mai haɗe-haɗe, ya sayi mai zaɓi ya ƙara batir da canjin.

Sai a tambayi gidan layi nawa ne ya shigo masa. In uku ne, a duba ko suna da al'adar nan tamu ta zare fiyus daga wannan layi a soka a wancan idan ɗaya ya yi rauni. Dole CT da shigar inbata su kasance a bayan wurin canjin, yadda duk layin da aka koma za su bi shi tare. In zoben yana kan jan layi aka mayar da gida kan shuɗi, inbata ta makance, labarin Alhaji ya maimaita kansa.

Mutumin da ke kan falwaya

Maigidan da ya koya mini aiki yana da tabo a tafin hannunsa na dama, fari fat, kamar an ɗora masa kwabo mai zafi. Ya same shi ne a kan layin da aka kashe daga tasha, aka tabbatar masa babu wuta. Wani mai shago ne ya tayar da janareta ya soka a soket ba tare da ya raba gidansa da layi ba. Allah ya yi da sauran kwana.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne taransifoma ba ta da gaba ba ta da baya. Aikinta ta karɓi bolt 11,000 ta sauke shi zuwa 415 tsakanin layi da layi, wato kusan 240 a soket ɗinka. In ka ba ta 240 ta ƙasa, za ta ɗaga shi zuwa dubbai ta sama. Ƙaramar inbatar da ke rataye a bangon kicin tana iya kunna wayar da ma'aikaci ya riƙe da hannu biyu a can bakin titi.

Shi ya sa sharaɗi na farko ga duk inbatar da za ta haɗu da layi shi ne ta iya sakin layi da kanta. Ana ɗauke wuta, ta gane, ta buɗe makunninta na ciki, ta ci gaba da ba gida kaɗai. Ƙa'idar Amurka mai lamba IEEE 1547, wadda aka fitar a 2003 aka sabunta a 2018, ta ce kada hakan ya wuce sakan 2. In wuta ta dawo kuma kada ta yi gaggawar komawa, ta jira ta ga layin ya zauna. Minti 5 ne abin da aka saba sa wa a can. A takardar inbatar da za ka saya, nemi lambar IEC 62116, ita ce ta gwajin sakin layi, da IEC 61727 ta haɗuwa da layi gaba ɗaya. In mai shago a Sabon Gari ya ce maka "Oga, duk ɗaya ne, wannan ma tana yi," ka ce ya nuna maka a rubuce. In babu, ka ɗauke ta a matsayin mai zaɓi, kada ka bari ta tura ko wat ɗaya waje. Araha ba ta ado.

Ban yarda da na'ura ita kaɗai ba. Nakan ƙara makunni na hannu a waje, kusa da mita, inda ma'aikacin kamfani zai gan shi ya kashe ya sa kwaɗo ba sai ya yi sallama cikin gida ba. A jikinsa nakan liƙa rubutu da Hausa da Turanci cewa gidan nan yana da wata wutar ban da ta layi.

Maganar takarda

Layin ba naka ba ne. A Kano da Katsina da Jigawa na KEDCO ne, a Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara na Kaduna Electric, bayan da aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya ga masu saye a Nuwamban 2013. Har yau NEPA muke cewa, baki ya riga ya saba. Hukumar NERC ce ke kafa ƙa'ida, NEMSA kuma ita ke duba ingancin aiki da gwajin mita da ba masu wayarin shaidar ƙwarewa. Dokar lantarki ta 2023 ta kuma ba jihohi damar kafa hukumominsu.

Ga manyan ayyuka hanya a shimfiɗe take. Akwai ƙa'idar 2012 ta masu samar da wuta su zuba kai tsaye a layin kamfanin rarrabawa. Akwai ta ƙananan tashoshi ta 2016 da aka sabunta a 2023, wadda ta ba da dama a gina tashar da ba ta wuce megawat 1 ba a haɗa ta da layi, bisa yarjejeniya tsakanin mai ginawa da kamfani da al'ummar wurin. Irinta ce aka yi a Zawaciki, nan Kano. Tashar sola ta Challawa mai megawat 10 da aka buɗe a Janairun 2023 ta fi wannan aji nesa ba kusa ba.

Kai mai kilowat 5 ko 10 a rufin gida, dokar da nake bi da kai guda ce: ba za mu tura wuta waje ba sai akwai yarjejeniya a rubuce da kamfani da kuma mita mai ƙirga shiga daban, fita daban. Mitar kati da ke yawancin gidaje ba don haka aka yi ta ba. Wata ta cire maka yunit kamar ta Alhaji, wata ta ɗauka an taɓa ta ta yanke wuta sai an kawo lambar buɗewa, tsohuwa mai faifai kuma ta juya da baya, wanda a idon kamfani bai da maraba da satar wuta. Duk da ba za mu tura ba, nakan sa mai gida ya rubuta wa ofishin kamfani na yankinsa takarda: ga girman farantai, ga samfurin inbata da shaidarta, ga zanen yadda aka haɗa, ga lambar mita. A buga masa hatimin karɓa a kwafi ya ajiye. Ranar da aka zo duba mita aka ga wayoyi sun yi yawa a gefenta, wannan kwafin ne zai raba gardama. Kuma kada yatsan kowa ya taɓa hatimin mita. Duk aikinmu daga bayanta yake farawa.

Jerin wayoyi daga mita zuwa ɗaki

Ga yadda nake jera su a gida mai layi ɗaya da inbata mai kilowat 5. Daga mita waya ta shiga babbar bireka mai yanke layif, wato wayar da ke ɗauke da wuta, da nutural tare. Nan da nan bayanta zoben CT, a kan layif kaɗai. In ka haɗa layif da nutural cikin zoben, sifili zai karanta. A jikinsa akwai kibiya, littafin inbata zai faɗi inda za ta kalla, kuma ba duk kamfanoni suka yi ittifaƙi ba, don haka a karanta, kada a yi aiki da "haka muka saba". Sai na'urar kariya daga tsawa, sai mai yanke wuta in ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Wannan ta ƙarshe ba ta da tsada, amma ita ce ke tsaya maka ranar da nutural ya tsinke a falwaya wuta ta shigo da kusan bolt 400 tana ƙona talabijin ɗin unguwa.

Daga nan waya ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya tafi tsohon akwatin gida, inda manyan kaya suke: hita, kuka ta lantarki, esi na falo. Ɗayan ya shiga ƙofar layi ta inbata. Daga ƙofar fitarta sai sabon ƙaramin akwati na kayan da ba a so su mutu: fitilu, fankoki, firji, sumo, soket ɗin caji. Amfanin sa zoben can farko shi ne, muddin akwai NEPA, inbata za ta iya taimaka wa manyan kayan ma da rarar rana, ta tsaya daidai bakin mita. In an ɗauke, ƙaramin akwati kaɗai za ta riƙe.

Tsakanin inbata da ƙaramin akwatin nakan sa canjoba, makunnin da ke sauya gida daga wata wuta zuwa wata, don ranar da inbata ta lalace a mayar da gida kan layi kai tsaye ba sai an neme ni ina Dawanau ba.

Inda aka fi shan wahala shi ne nutural. Tsofaffin gidajenmu nutural ɗaya ne ya zagaye ko'ina, mai wayarin na farko ya ɗebo daga duk inda ya fi kusa. In ka raba layif ka bar nutural a haɗe, na'urar kariya daga shokin za ta yi ta faɗuwa ba dalili, ko ka ga ƙwan fitila yana ɗan haske bayan an kashe shi. Babu gajeriyar hanya: sai an bi da'ira ɗaya bayan ɗaya an ware nutural ɗin ƙaramin akwati. Na taɓa kwana biyu a silin wani gida a Kabuga kan wannan kaɗai, cikin watan Afrilu, kwano yana gasa ni kamar tsire. Sannan a duba ko inbatar tana haɗa nutural da atin da kanta lokacin da ta saki layi. In ba ta yi, a sa mata makunnin da zai yi, domin in babu wannan haɗin, na'urar kariya mai miliamfiya 30 ba za ta ga yaron da ya taɓa waya ba.

Atin kuwa, sandar tagulla ta gaske, ba ƙarfen da aka shafa wa ja ba. Ƙasarmu tana bushewa ƙayau da rani, atin da ya yi kyau a Agusta yana iya zama ado a Maris. Nakan kafa sanda biyu ko uku a haɗa su, a wuri mai danshi kamar kusa da magudanar ruwa, da gawayi a ramin. Jikin inbata, ƙarfen farantai, akwatin batir, duk su taru a kansa.

Kaurin waya lissafi ne. Kilowat 5 a bolt 230 kusan amfiya 22 ne, waya mai milimita 6 ta tagulla ta ɗauka da sauƙi. Amma kilowat 5 ɗin nan a ɓangaren batir mai bolt 48 ya haura amfiya 100, sai mai milimita 35, gajeriya, da fiyus a kusa da batir. A kankare bakin wayar a shago kafin a biya. In cikinta fari ne, alminiyon ne aka yi wa riga.

Farantai da sanyin hunturu

Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka farantai su kalli kudu da ɗan karkata, digiri 10 zuwa 15, yadda ruwan sama zai wanke su. Da hunturu a riƙa share ƙura duk mako, da sassafe kafin gilashi ya yi zafi. Wannan kowa ya sani.

Abin da ke kashe inbata shi ne wanda ba a lura da shi. Faranti mai wat 550 yana ba da kusan bolt 50 in ba a ɗora masa kaya ba, kuma an auna wannan ne a zafin digiri 25. Sanyi ƙara masa ƙarfi yake. Inbatoci da yawa na wannan aji iyakarsu bolt 500. Mai aiki ya jera goma a layi ɗaya, ya ga lissafi ya tsaya daidai bakin iyaka, ya ce shi ke nan. Aiki ya yi lafiya tun daga damina har kaka. Ranar wata asuba ta Janairu, sanyi ya sauko digiri 11 ko 12, rana ta leƙo, jerin ya ba da kusan 520, allon ciki ya ƙone. Ni ba na wuce takwas a irin wannan, in sun fi haka in raba su layi biyu. Bireka ta wannan ɓangaren kuma dole ta zama wadda aka yi don wutar farantai. Ta gida ba ta iya kashe tartsatsinta, narkewa take.

Janareta

A taƙaice: janareta da layi ba sa haɗuwa, har abada. Canjoba a tsakaninsu. In inbata tana da ƙofar janareta ta musamman, a bi ta nan. In ta ƙofar layi zai shigo, a tabbata ba za ta tura masa wuta ba, don ƙaramin inji ba shi da inda zai kai ta, na'urar daidaita ƙarfinsa ce za ta tafi. A kuma rage cajin batir daidai ƙarfinsa, kada a shaƙe inji mai kilowat 3 da cajin kilowat 4.

Saiti

A allon inbata akwai wurin da aka rubuta Zero Export, wato hana tura wuta waje. A zaɓi wanda ke aiki da CT, a kashe sayarwa. Akwai kuma ɗan gurbi da ake sa adadin da za ta riƙa ja daga layi koyaushe. Nakan sa wat 50 zuwa 100. Dalili: in firji ko sumo ya tsaya farat ɗaya, inbata tana ɗaukar ɗan lokaci kafin ta rage, wannan rarar ce ke hana wuta tsallaka mita a wannan ƙiftawar. Yunit ɗaya ko biyu ne a yini, ya fi rigima da mita.

Sai iyakar ƙarfin wuta. Yawancin inbatoci da saitin Turai suke zuwa, inda layi ke zama tsakanin bolt 207 da 253, bugunsa kuma da ƙyar ya gusa daga 50. Namu yana yawo, sau da yawa na ga 50.6 ko 49.3 a allo. In ka bar saitin yadda ya zo, inbata za ta yi ta ƙin karɓar NEPA, mai gida ya kira ka ya ce ta lalace. Ko Jamus sun sha irin wannan ta wata fuska: tsofaffin inbatocinsu an saita su duk su saki layi a 50.2, sai aka gane in suka fita lokaci guda za su iya kayar da layin ƙasar, daga 2012 aka bi su ana canza saitin. To, buɗe iyakar ya halatta, amma da hankali. Abokan aiki da yawa sukan buɗe ta har ƙasa, 150 ko ƙasa da haka, don kada a dame su da waya. Ka tuna duk abin da inbata ta karɓa shi take miƙa wa firjin mutane. Ni a wajen 190 nake tsayawa ta ƙasa, 255 ta sama. In layi ya fita daga nan, batir ya riƙe gida har ya dawo hayyacinsa. Saitin sakin layi kuwa ba na taɓa shi, ko wa ya roƙa.

Na ƙarshe shi ne cajin batir daga NEPA. In ka bar shi a amfiya 100, inbata kaɗai za ta ja fiye da kilowat 5 daga layi, ban da kayan gida. A unguwar da gida goma suke da irinta, ana kawo wuta duk su kama ja lokaci guda, fiyus ɗin taransifoma ya tashi, a koma duhu da karo-karon kuɗin gyara. Amfiya 30 ko 40 ya isa. Ga mai Band A ma nakan hana cajin NEPA da safe gaba ɗaya, don me zai sayi abin da rana za ta ba shi kyauta nan da awa uku?

Ranar gwaji

Ba na karɓar cikon kuɗina sai mun yi wannan tare da mai gida, kuma sai da rana tsaka, ranar da akwai NEPA. In babu wuta ranar, in dawo gobe.

Mukan jira batir ya cika, ko in rage iyakar cajinsa don ya yi kamar ya cika. Sai a kashe komai na gida. Mu tsaya gaban mita. Fitilarta ta yi shiru, sai ƙiftawa ɗaya can ba a rasa ba. In maƙala mitar awo a babbar waya, ta nuna ƙasa da rabin amfiya. Sai in ce a kunna dutsen guga a soket ɗin tsohon akwati. A allo za a ga abin da farantai ke bayarwa ya tashi da kusan kilowat ɗaya, na layi kuma bai motsa ba. In aka ga lambar layi ta koma da alamar ragi tana ta hawa, zoben a juye yake, a kashe a gyara nan take.

Daga nan sai babban gwajin. In kunna kaya daidai abin da rana ke bayarwa, don a wannan halin ne inbata ta fi wahalar gane an ɗauke wuta. In sa yarona ya riƙe mitar awo a ƙofar layi ta inbata, ni kuma in sauke babbar bireka. Za a ji ƙarar makunni a ciki, ƙas, fankar falo ba ta ko rage gudu ba, mitar da ke hannunsa kuma ta faɗi ƙasa kafin a ƙirga biyu. In ta tsaya a 230, ko ta yi ta lilo a sama, aikin bai yi ba, kuma ba za a bar shi a kunne ya kwana ba. Sai in mayar da bireka, mu duba agogo mu ga ta jira lokacin da aka sa mata kafin ta koma. Mukan maimaita sau uku. A ƙarshe in danna maɓallin gwaji na na'urar kariya daga shokin sau biyu, ɗaya da NEPA, ɗaya a kan batir.

Sannan in rubuta yunit ɗin da ke kan mita da kwanan wata a bayan zanen aikin, in ɗauki hoton kowane shafi na saiti in tura wa mai gida ta WhatsApp, in sa lambar sirri a allon don kada yara ko wani mai gyara su yi wasa da shi. Alhajin Hotoro, bayan na juya zoben muka yi duk wannan a gabansa, bai ce komai ba sai da ya kwana bakwai yana leƙa mita safe da yamma. A rana ta takwas ya kira ya ce, "Injiniya, yunit tara ta ci." Na ce, "Haka ya kamata, ranka ya daɗe." Ya ce to in shirya, akwai gidan ƙaninsa a Rijiyar Zaki, amma wannan karon shi da kansa zai duba kibiyar.